Takalmin da Bai Taɓa Taka Ƙasa Ba

Wata baiwar Allah a cikinku ta rubuto mini bayan fitowar da ta wuce, ta ce, "Baba, wannan dandali na 'yan mata ne, kai me ya kawo ka?" Na karanta na yi dariya ni kaɗai a falo, fanka tana taya ni. 'Yata, abin da ya kawo ki shi ya kawo ni. Bambancin kawai, ke in ƙirjinki ya yi nauyi a ce soyayya ce, ni in nawa ya yi a ce in je a auna mini jini.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ni dillalin motoci ne. Akori-kura nake sayarwa, irin sabbin nan masu ƙofa huɗu, kujerun mutane a gaba, buɗaɗɗen baya na kaya. Manajanmu ya hana mu kiranta akori-kura a gaban kwastoma, wai sunan yana warin awaki, amma tsakanina da ku ba ɓoye-ɓoye. Matsakaiciya muke kawowa. Babbar shan mai take kamar ba gobe, kuma ba ta shiga lungu. Ƙaramar kuwa, ka ɗora mata 'yan buhuna ta fara nishi a hawa. Ta tsakiyar ce ke tashe yanzu. Manomi na so, ɗan kwangila na so, mai gidan burodi na so, har yaran nan masu matsattsun riguna da ba su taɓa ɗaukar abin da ya fi jakar kwamfuta nauyi ba, su ma suna so, don su jingina da ita a yi musu hoto. Tun kafin a sauke su a filinmu an riga an kama su. Manaja kullum cewa yake shekaru masu zuwa na matsakaiciya ne. Ni ma dai matsakaici ne, a shekaru, a tsawo, a samu, amma har yau ban ga layi a ƙofata ba.

Na taɓa aure, da daɗewa. Ba faɗa ne ya kashe shi ba, mutuwar batirin motar da aka daɗe ba a tayar ba ya yi. Wata safiya muka murɗa, shiru. Allah bai ba mu haihuwa ba. Ta yi wani auren, na ji 'ya'yanta har sun shiga sakandare, kuma wallahi ina yi mata murna. Ni ina nan a ciki da falo a saman bene, kofi ɗaya, faranti ɗaya, cokali biyu, shi ma don ɗaya ya taɓa ɓata ne na sayi wani, sai ya dawo.

Bari in gaya muku abin da ya sa na fi kowa ciniki a wurinmu. Namiji in ya zo duba akori-kura, zuciyarsa ta gama saye tun daga bakin ƙofa. Abin da yake nema a wurinka shi ne abin da zai faɗa a gida, don ya san za a tare shi da, "Motar kaya ka sayo mana?" To akwai motar gwaji, shuɗiya, wadda kamfani ya bar mini har in tafi da ita gida. Ita nake yi wa ado. Mayafi ruwan toka a ninke a kujerar gaba. Gorar ruwa ta 'yan makaranta a aljihun ƙofa. Sai babban makamin: takalmin yarinya ƙafa ɗaya, ja, da ɗan fure a samansa, a yashe a ƙasan kujerar baya. Kwastoma yana buɗe ƙofar baya sai in yi wuf in ɗauke.

"Kai, yi haƙuri Alhaji, na Auta ne. Yarinyar nan kullum sai ta bar mini ƙafa ɗaya. Nan uwarta ke zama, yayyenta biyu a gefe da gefe, ita a tsakiya tana mulki. Kaya kuma a baya, ba ruwan kowa da kowa."

Shi ke nan. Sai ka ga mutum yana kallon kujerar, yana jera nasa yaran a zuci. Ban taɓa buɗe baki na ce motar iyali ce ba. Takalmin ke faɗa.

Ita kuwa wadda ta sa nake rubuta muku wannan, ranar da ta fara zuwa da hantsi ne. Mai Furanni zan kira ta, don lambun furanni da tsirrai take da shi a bayan gari. Ta shigo a wata 'yar ƙaramar mota da bayanta ya zauna dirshan, reshe ya leƙo ta taga kamar fasinja mai jin zafi. Da na je tarbarta na hango cikin motar: ɓurɓushin biskit a ko'ina, jikin ƙofa ya sha zane da fensir mai kala. Doguwar riga ruwan ganye ce a jikinta, ta naɗe hannuwan, farin mayafi ta ɗaure shi tamau don kada ya hana ta aiki, takalmin roba da busasshiyar laka. Ba hoda, ba turare, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Malam, kai ne mai motar kaya?"

"Motar iyali da kasuwanci, Hajiya."

"Tukwanen fulawa nawa take ɗauka?"

"Ya danganta da tukunyar."

"Ba ka sani ba ke nan. Ɗauko mukulli."

Ko kallon fitilun gaban direba ba ta yi ba, waɗanda maza ke tsayawa suna dannawa kamar yara. Bayan motar ta zagaya, ta ciro igiyar awo daga jaka ta auna tsawo da faɗi, ta leƙa ƙasa ta duba tazarar motar da ƙasa. Sannan ta buɗe ƙofar baya.

Jama'a, bakin da ya shekara yana faɗin abu ɗaya ba ya jiran izinin mai shi. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya kai.

"Kai, yi haƙuri Hajiya, na Auta ne. Yarinyar nan kullum..."

Na zubo shi duka, har da uwarta, har da yayyenta biyu a gefe da gefe. Ta miƙo hannu ta karɓi takalmin, ta juya shi, ta dube shi, ta dube ni, ta mayar da shi daidai inda yake.

"Allah ya raya ta."

"Amin," na ce. A lokacin ne na kalli fuskarta da kyau, kuma a lokacin ne na gane na zuba wa kaina ruwa a tanki.

Ita ta tuƙa. Ba titi mai kyau ta bi ba irin wanda muke bi da kwastoma, lambunta ta kai mu ta wata hanya mai ramuka da kwatami. Ta sa aka cika bayan motar da tukwane da buhunan taki, ta sake bin hanyar da kayan, tana sauraron motar kamar likita. Da muka dawo ta sauka ta duba tukwanen ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta tsage.

"Fara nake so."

"Hajiya, sai dai a yi jira. Layin da tsawo, kowa ita yake nema."

"Kayana kuma su jira wa?"

Nan ma bakina ya riga ni, amma wannan karon na yafe masa. Na ce kafin tata ta iso, duk Asabar zan iya kawo ta gwajin in taya ta kai kaya.

"Manajanku ya san da wannan?"

"Kula da kwastoma ake kiransa."

"To, Allah ya ƙara wa kwastoma daraja."

Haka Asabar ta zama ranar da nake wanka sau biyu. Mu loda tsirrai, mu kai gidajen masu kuɗi da ofisoshi da otal, ita a gefena tana amsa waya, mayafin nan ruwan toka ta ɗauke shi da ladabi ta ɗora a cinyarta, in za ta sauka ta mayar ta shafe shi. Duk sa'ad da ta yi haka sai in ji kamar in buɗe ƙofa in dire. A hanya na ji mijinta ya rasu shekarun baya, ya bar mata lambun da yarinya guda. Yarinyar ban taɓa ganinta ba, duk Asabar tana gidan kakarta. Hirarmu ba ta wuce taki da tayoyi da tsadar mai, amma ni a kunnena ko rediyo bai kai ta daɗi ba.

Da yamma in na koma gida sai saƙo ya shigo.

"Malam an isa lafiya? Na gode. A gaida Madam."

In ɗaga kai in kalli fanka, in sunkuyo in rubuta, "Za ta ji."

Sai tsaraba ta fara. Asabar ta uku ko ta huɗu ta miƙo mini cakulet a leda, "Ka kai wa Auta." Na kai. A tsaye a bakin taga na cinye shi, ina kallon mai gyaran babur na ƙasan benenmu yana rufe shago. Wani satin ta ba ni wata 'yar shuka a ƙaramar tukunya, mai ganye kamar kunnen mage, ta ce, "Wannan ta Madam ce. Ba ta son ruwa da yawa, ba ta son a manta da ita." Na ajiye ta a kan taga. Ita ce abu mai rai na farko da ya kwana a gidan nan ban da ni da sauro.

"Madam tana kula da shukar kuwa?"

"Kamar ranta."

Sannan riga. Rawaya, mai ɗige-ɗigen fari, da ɗan ɗamara a baya. "Na ga ta dace da jan takalmi," ta ce. Na rataye ta a kabad tsakanin rigunana na aiki, duk safiya in buɗe mu gaisa.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne tambayoyinta, da yadda nake jin daɗin amsawa. Aji nawa Auta take? Me ta fi so? Wa ta biyo? Ni da a da jimla huɗu kawai na sani game da yarinyar, sai ga ni ina ba da labari. Na ce ba ta cin ɓawon burodi, sai ta tara mini a faranti. Na ce tana tsoron ƙarar injin markaɗe, in an kunna sai in ɗauke ta mu fita baranda mu ƙirga motoci har a gama. Ban san daga ina suke fitowa ba. Na dai san wata rana ina komowa gida ni kaɗai, na taka birki da ƙarfi, sai na tsinci kaina ina duba madubi ko ta bugu.

Ana cikin haka Yaya ta zo. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, tun da iyayenmu suka rasu ta ɗauki zamana ba aure a matsayin cutar da aka ɗora mata jinya. Ba ta sanarwa in za ta zo, wai don ta ga yadda nake rayuwa da gaske. Ranar Lahadi ce da la'asar, na ji hakinta a matakala tun kafin in ji sallamarta. Ta shigo da kular abinci a hannu ɗaya, waya a ɗayan, hotunan mata cike da ita kamar yadda tawa ke cike da hotunan motoci.

Ta sunkuya za ta cire takalmi a bakin ƙofa, sai ta tsaya a sunkuye.

"Na waye wannan?"

Masu karatu, ga abin da ban gaya muku ba tun farko. Takalmi ai ba a sayar da ƙafa ɗaya. Ɗayan yana gida, a bakin ƙofa daga ciki, kusa da silifas ɗina.

"Kayan aiki ne, Yaya."

Ta ajiye kula, ta wuce ɗaki kamar mai binciken gida, na ji ƙarar kabad. Ta fito da rigar nan rawaya a hannu tana salati.

"Aure ka yi a ɓoye? Har da rabo? Ni ina yawo gida-gida ina zubar da mutuncina ina cewa ƙanena salihi ne, bai da kowa?"

Na zaunar da ita na kwashe labarin duka na gaya mata, tun daga mayafi har cakulet. Ta yi dariya har ta sarƙe, na kawo mata ruwa a kofina guda ɗaya. Ta sha, ta goge ido da gefen mayafi, ta ƙara tuntsirewa.

"Kai da ka rasa mace ta gaske, ka je ka ƙirƙiro ta ƙarya ta tsare maka hanya! Wannan ko maƙiyi bai yi maka haka ba."

Sai dariyar ta tsaya. Ta juya ta kalli bakin ƙofa.

"Na cikin mota na ji, na kasuwa ne. Wannan fa? Wa kake sayar wa mota a nan?"

Na tashi na ce bari in ɗora shayi. Na daɗe a kicin fiye da yadda ruwa ke buƙata. Ku zan iya gaya wa, tunda ba kwa ganin fuskata: in mutum ya buɗe ƙofa da yamma ya kunna fitila, ya ga ɗan ƙaramin takalmi a gefen nasa, kafin hankalinsa ya dawo akwai wani ɗan lokaci, bai kai ƙiftawar ido biyu ba, da gidan yake da mutane. Shi nake saye.

Da na fito Yaya ta ninke rigar ta ɗora a cinya.

"Ranar da motarta ta iso, Asabar ɗinka ta ƙare. Ka san haka?"

"Na sani."

"To ka gaya mata."

"Yaya, in na gaya mata, ni maƙaryaci ne. In ban gaya mata ba, ni mijin wata ne."

"Sai ka zaɓi wanda ake iya aura a cikinsu." Ta miƙe tana neman jakarta. "In kuma ka kasa, akwai ƙanwar maƙwabciyata, ma'aikaciyar jinya, ta ga hotonka ta ce ba laifi. Hoton dai na da ne, lokacin kana da gashi, amma za mu san yadda za mu yi."

Motar ta iso a satin da ya biyo. Na ga ana sauke ta daga tirela, fara tas, leda a kan kujerunta, Manaja yana murza hannu yana cewa a wanke a ɗaura mata jan ƙyalle. Ban taɓa ƙin jinin mota ba sai ranar. Na zagaya ta ina neman ko ɗan karce ne da zai sa a mayar da ita gyara, babu. Na ɗauki waya na rubuta, "Hajiya, akwai maganar da nake so in," na goge. Na rubuta, "Hajiya, game da Auta," na goge. Ƙarshe abin da na tura shi ne, "Albishir, motarki ta iso." Ta amso da, "Alhamdu lillahi. Gobe da yamma."

Ta zo cikin shigar da ban taɓa ganinta da ita ba. Doguwar riga ruwan zuma mai ɗinki a wuya, mayafi ya sauko mata har gwiwar hannu, takalmi mai ɗan tudu, agogo siriri. Ƙarƙashin farcenta dai akwai sauran ƙasa, shi ya kwantar mini da hankali cewa ita ce. Ni kuma na sa rigar da Yaya ke cewa tana rage mini ciki. Na haddace jawabina tun safe, har na gwada shi a kan shukar taga.

Na buɗe mata sabuwar motar na fara nuna mata abubuwan da ta riga ta sani. Nan ne giyar taimako. Nan ne ake buɗe tanki. Ina ta jan lokaci. Ta karɓi mukulli ta jefa a jaka, ba ta shiga ba. Ta taka zuwa inda shuɗiyar take, ta buɗe ƙofar baya, ta ɗauko takalmin.

"Malam, Auta ba ta girma ne?"

Ba ta jira amsata ba.

"Wata da watanni takalmi ɗaya, a wuri ɗaya. Tawa a wannan tsakanin ta fi ƙarfin guda biyu." Ta kifa shi a tafin hannunta ta nuna mini ƙasansa. "Dubi nan. Takardar shago ma ba a ɓare ba. Wannan bai taɓa taka ƙasa ba. Kuma dubi kujerar nan, ba ɗigon alawa, ba shatin ƙafa a bayan kujerar direba, bel ɗin tsakiya ko ledarsa ba a cire ba. Yara uku? Ni guda ɗaya gare ni, ka ga abin da ta yi wa motata."

"Tun yaushe..."

"Tun ranar farko."

"To rigar fa, Hajiya? Cakulet ɗin?"

"Haushi na ji. Na ce bari in ga iyakar ƙaryar dillali, in yi ta ɗora masa kaya har ya durƙusa." Ta ɗan yi wasa da furen takalmin. "Amma mai ƙarya don ciniki, in an gama ciniki dainawa yake. Kai na riga na sa hannu, kana ta ƙarawa. Ranar da ka ce kana fita da ita baranda ku ƙirga motoci, na kalli fuskarka. Daga ranar haushin ya ƙi zama."

Ta zagaya ta buɗe ƙofar gaba, ta tsaya a kan mayafin, ba ta taɓa shi ba.

"Takalmin na gane. Wannan ne ban gane ba." Muryarta ta sauka. "Mutum yana iya rasa 'ya'ya, yana da mata. Na waye?"

"A kasuwa na saya, Hajiya. Rana ɗaya da takalmin. Shago ɗaya ma."

"Madam fa?"

"Babu."

"Ta yi tafiya ne, ko ta yi yaji, ko..."

"Babu ita sam. Da daɗewa."

"Wa yake ba shukata ruwa?"

"Ni."

Ta rufe ƙofar a hankali. Na zaci zan ga murmushi, irin yadda ake yi a labaran da kuka saba karantawa a nan. Abin da na gani ido ne da ya kaɗa.

"Ka san me ka yi mini? Duk Asabar in koma gida ina istigfari, don na ji daɗin hira da mijin wata. In rubuta a gaida Madam, in zauna ina kallon wayar ina jin kunyar kaina. Kai kuma ka rubuto za ta ji." Ta buɗe jaka ta saka takalmin ciki. "Allah ya ba da kasuwa, Malam."

Ta shiga farar motarta, ta tayar, ta fita ba tare da ta kalli inda nake ba, jan ƙyallen yana kaɗawa a gaba. Manaja ya fito ya dafa kafaɗata.

"Wata ta tafi! Ba na gaya maka ba? Mata ma sun shigo kasuwar nan. Ka ci gaba da abin da kake yi."

Kwanakin da suka biyo ba sai na ba ku labari ba. Na cire mayafin da gorar daga mota na ba mai sharar filinmu. Wani ɗan kwangila ya zo ya buɗe ƙofar baya, hannuna ya kai ƙasan kujera ya dawo ba komai, na tsaya ina kallonsa kamar wanda aka tambaya da wani yare. Bai saya ba. Waya kuwa na duba ta har ta fara ɗumi a aljihu. Yaya ce kawai ke turo saƙo: "Yaya dai?" Da na ƙi amsawa ta turo hoton ma'aikaciyar jinya.

Ranar Juma'a da yamma ina tsaye ina ba shuka ruwa, wayar ta yi ƙara. Mai Furanni.

"Motar lafiya lau. Gobe ba na buƙatar akori-kura."

Na karanta, na ajiye wayar a kan taga, na ƙarasa ba shukar ruwa, don ita ba ta yi mini laifi ba. Na ce to, Malam, ka ga abin da ake kira kammala ciniki. Sai wayar ta sake ƙara.

"Amma takalmi ƙafa ɗaya ba ya amfanin kowa. 'Yata ta gan shi a jakata, tun ranar take tambayata ina ɗayan. Na san yana wurinka."

Ina cikin karantawa wani saƙon ya shigo.

"Gobe ba za ta gidan kakarta ba. Ka kawo mata da kanka, da rigar, dama awonta ne. Ban ce na yafe ba. Mota ma sai da na gwada ta da kaya a muguwar hanya kafin na saya."

Da safe na ɗauke takalmin daga bakin ƙofa. Inda yake zaune ya bar ɗan shati mai tsabta a kan tabarmar ƙofa, silifas ɗina ya koma shi kaɗai kamar da. Na ninke rigar a leda, na ɗora su a kujerar gaba. Hanyar lambun da na saba bi ina waƙa, ranar a giya ta biyu na bi ta, masu keke suna wuce ni. Tunanina ɗaya ne: shekara da shekaru ina da 'ya, amma ba ta taɓa mayar mini da magana ba. Ni nake faɗa mata abin da take so da abin da take tsoro. Ta gaske fa, me ake ce mata?

Na tsaya a gefen shingen lambun, na kashe mota, na kasa sauka. Daga can ciki na hango farar akori-kurar, bayanta cike da tukwane, ta riga ta yi laka har ƙofa. Mai Furanni tana tsakanin tsirrai da tiyo a hannu, ta juya mini baya, irin juyawar wanda ya san sarai an iso.

Sai ƙaramar ƙofar shingen ta buɗe. Yarinya ce, kitsonta ya tsufa, bakinta da shatin abin da ta ci. Ta nufo motar tana ɗingishi, ƙafa ɗaya ba takalmi, ɗayar cikin jan takalmin nan mai fure. Ya yi ƙura, ya yi laka, furen ya karkace gefe.

Ta zo ta ɗaga ƙafa ta taka matakalar motar, ta manna fuska a gilashi, ta ƙwanƙwasa da ƙarfi. Na sauke gilashin. Ta dube ni tun daga sanƙo har ciki, ba ta ko gaishe ni ba.

"Kai ne wanda Mama ta ce yana da ƙarya amma yana ba fulawa ruwa?"